Ranar Da Na Durƙusa Wa Hajiyar Kabo

Sallama gare ku, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, masu cewa na yi ɓatan dabo da masu tambayar ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ba a ɗaura ba tukuna. Ku gyara zama ku ji abin da ya ɓoye ni, ni dai a kwance zan ba ku labarin, don zaman ma yanzu aro nake yin sa.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Ikilima, a Gwarzo nake a gidan mahaifina. Malamar firamare ce ni a Getso kafin wata damina babur ya zame da mu a cikin taɓo, na faɗo da ƙugu a kan dutse. Na shekara biyu ina fama, daga mai ɗori zuwa mai tofi zuwa kemis, har ƙafata ta hagu ta fara jan ƙasa. Wata huɗu ke nan da aka yi min aiki a Kano. Likita ya haɗe ƙasusuwa biyu na can ƙasan gadon bayana, ya ɗaure su da sandunan ƙarfe da kusoshi don su manne su zama ɗaya. Ya ce sai an doshi shekara kafin ƙashin ya gama kamawa, kuma kafin nan ban da sunkuyo, ban da murɗa jiki, ban da ɗaukar abin da ya fi buta nauyi.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, aiki daban, warkewa daban. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Ai tunda an yi aiki sai godiya." Ni ma in ce sai godiya. To me zan ce? Amma ciwon yana nan, gida kawai ya sake. Yakan taso daga ƙugu, ya bi ta bayan cinya kamar an zura min waya mai zafi, ya sauka har babban yatsa. In zan tashi daga gado sai na mirgina gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu lokaci guda, sannan in dafa bango. Baba ya sa kafinta ya ƙera min kujera mai rami aka ɗora a kan masai. Salla kuwa a kan farar kujerar roba nake yi, irin ta gidan biki. Wallahi 'yan uwa, ban san ana kewar sujada ba sai yanzu. Wani lokacin in na ga Umma ta kai goshinta ƙasa sai in kawar da kai.

Sai kuma Mahbub. Ɗan Kabo ne, yana da shagon taki da maganin feshi, shi ya sa na ajiye lambarsa da sunan Mai Taki, yana gani yana ƙorafi. An kawo kuɗin gaisuwa tun kafin ciwon ya yi tsanani, sai aka jingine maganar sa rana har a ga yadda hali zai yi. Mutane sun zuba ido su ga ya gudu. Bai gudu ba. Shi yake aro motar yayansa ya kai mu ganin likita, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka har masu haya na bayanmu su ishe shi da oda. Shi kaɗai ne nake iya kira in yi masa kuka ba tare da ya ce min in yi haƙuri ba. Yakan yi shiru ne kawai ya saurara, in na gama ya ce, "To yanzu me kika ci?" Ina son sa. Na faɗa, ku yi min dariyar in kun ga dama.

Ranar Laraba da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Malama, albishirinki."

"Goro."

"Hajiya ta ce za ta zo duba ki ranar Asabar, ita da Inna Murja."

Na karanta, na sake karantawa. Hajiya Furera ita ce mahaifiyarsa, Inna Murja kuma ƙanwarta. Tun da aka sallamo ni aike kawai Hajiya take yi, yau man shanu, gobe zabi, amma ƙafarta ba ta tako ba. Kuma duk Kabo an san gidanta. Gidan gandu ne, yayyen Mahbub maza uku duk a ciki suke da matansu, kowace safiya surukan nan sai sun je ƙofar ɗakinta sun durƙusa sun gaishe ta kafin su ɗora tukunya. An ce akwai yarinyar da ɗanta na biyu ya taɓa nema, ta gaishe ta da ɗan rusunawa irin na 'yan boko, maganar auren a nan ta mutu.

Na rubuta masa, "Dubiya ce ko dubawa?"

Ya turo fuskar dariya. "Dubiya mana. Ki kwantar da hankalinki, ki zama yadda kike."

Namiji ke nan. Wai in zama yadda nake.

Kafin azahar labari ya kai wa Gwaggo Sa'a, yayar Baba, wadda ke zaune a Unguwar Tudu amma kunnenta yana tsakar gidanmu. Ta shigo ko mayafi ba ta cire ba, ta tsaya a kaina tana ƙare wa ɗakin kallo: sandar dogarawa a jikin gado, kwalayen magani a kan durowa, kujerar roba a kan darduma.

"Zulai!" ta ƙwala wa Umma kira. "Zo ki ga ɗakin budurwa ko ɗakin jinya. Haka za su zo su tarar?"

Umma ta shigo tana goge hannu da gefen zani. "To Yaya, ai sun san ba ta da lafiya."

"Sun ji dai. Ji daban, gani daban. Kin san me ake faɗa a gari? Cewa ake an cika mata baya da ƙarfe, ba ta tsugunno, ba ta ɗaukar ciki. Jiya a gidan suna wata ta tare ni tana min jaje, wai Allah ya ba mu haƙurin riƙon ta. Riƙo! Yarinya da mijinta a hannu."

Na ce, "Gwaggo, likita bai ce ba zan haihu ba."

"Likita ne zai aure ki? Ke dai ki saurare ni. Matar nan ba bayanki za ta leƙa ba, gwiwarki za ta kalla. In kika gaishe ta a tsaye ko a kan wannan kujerar 'yan biki, wallahi kafin ta kai kwanar Kabo ta gama yanke hukunci. Shekararki ashirin da bakwai, Ikilima. In wannan ya suɓuce, wa kika ga zai zo ya ɗauki mace da sanda?"

Maganar ta yi zafi, kuma abin haushin, ban iya cewa ƙarya take yi ba. Umma ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Umma mace ce mai sanyi, tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ɗaga murya a gaban dangin Baba ba. Ita take min wanka a watan farko, ita take sa min safa, ita ta fi kowa sanin abin da ke jikina. Amma ta bar Gwaggo ta ci gaba.

"Durƙuso ɗaya ne," in ji Gwaggo, ta sassauta murya. "Ki kai ƙasa, ki ce ina wuni, ki tashi ki fita kamar za ki kawo ruwa. Shi ke nan. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle uwar miji."

Na so in ce mata masu wannan karin maganar sun tabbata za su miƙe da tsawonsu ne shi ya sa. Na haɗiye.

Da yamma Anti Judith ta leƙo. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya, ta fi shekara goma a layinmu har Hausarta ta fi ta wasu. Ita take zuwa tana sa ni motsa ƙafa kamar yadda aka rubuta. Da na gaya mata shirin Gwaggo, sai ta saki ƙafar tawa ta dube ni.

"Ke, kina da hankali kuwa? Sauka ba wuya, Ikilima. Tashin fa? Ƙafar nan ta hagu ko matakala ɗaya ba ta ɗaga ki. Da me za ki tashi, da bayan?"

"Minti ɗaya ne, Anti."

"Ƙashi bai san minti ba. Ki gaya wa yaron nan gaskiya, ya yi wa mamansa bayani."

"Ya san komai."

"To ya san za ki durƙusa?"

 Ban gaya masa ba, kuma ban yi niyyar gaya masa ba, don na san zai hana, in ya hana kuma zai je ya yi wa Hajiya magana, ita kuma ta ce tun ba a kawo ni ba na fara juya mata ɗa. Ta ko'ina na duba ƙofa a rufe take. Anti Judith ta girgiza kai ta ce ko me za a yi kada in kuskura in cire bel ɗin. Bel ɗin nan wata faffaɗar ɗamara ce mai tauri da aka ba ni a asibiti, tana kama ni daga ƙasan ƙirji zuwa ƙugu, ita ke riƙe min baya in ina tsaye.

Ranar Asabar tun da safe Gwaggo ta sauka da kayan aikinta. Aka kwashe magunguna aka zuba a cikin kwalla, sanda ta koma bayan ƙyaure, kujerar roba aka kai ta zaure wai ta baƙin Baba ce. Aka share ɗakin Umma aka shimfiɗa sabuwar leda da babbar darduma ja, aka turara shi har ido na yaji. An kwaɓa fura da nono mai kyau na Fulanin Madadi, an soya wainar shinkafa da miyar taushe.

Ni kuma aka fito min da atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda na ɗinka tun kafin aiki, riga da zani, rigar mai kama jiki. Na sa ta a kan bel, sai ga shatinsa ya fito ɓaro-ɓaro, zif ɗin ma ya ƙi hawa.

"Cire wannan sirdin," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, Anti Judith ta ce..."

"Anti Judith ta aurar da 'ya'ya nawa a garin nan? Cire."

Na kalli Umma. Umma ta kalli ƙasa. Na ɓalle shi da hannuna, na ji bayana ya saki kamar an zare wa rumfa ginshiƙi. Na haɗiyi ƙwayar ciwo biyu maimakon ɗaya. Gwaggo ta ɗaura min ɗankwali, ta zizara min kwalli, ta shafa min humra a wuya, ta yafa min farin mayafi mai duwatsu. Da na kalli madubi sai na ga Ikilimar da, wadda ke tsallake kwata da gudu in ta makara. Na yi mata murmushi, ita ma ta yi min, sai na ji tausayinmu mu biyun.

Bayan azahar muka ji tsayuwar mota da sallama. Ina ɗakina ina jin gaisuwa tana ta zagaye, ya hanya, ya gida, ya yara, ya damina, ya mai jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi. Can Gwaggo ta ɗaga labule ta yafito ni.

Na taka a hankali, ina ƙirga numfashi, na yi sallama a ƙofar ɗakin Umma. Abin da na fara gani ya kashe min jiki. Akwai kujerun kushin guda biyu a ɗakin, amma Hajiya ba ta hau ba. Tana zaune a ƙasa a kan darduma, ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu. Farar tsohuwa ce siririya, da leshi ruwan toka da zoben azurfa. Inna Murja na gefenta, ita ma a ƙasa. Wato ko da an ce in zauna, babu inda zan zauna sai ƙasa, don ba 'yar da za ta ɗare kujera uwar miji tana kan darduma.

Na dafa bakin ƙofa da hannun dama kamar ina gyara labule, na saki gwiwar dama, ta hagu ta bi ta da kanta. Na kai ƙasa. Wani farin haske ya gifta min a ido, amma na kai.

"Ina wuni, Hajiya. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. A'a, masha Allahu! Matso nan, matso in gan ki."

Ba haka aka tsara ba. An ce in gaisar daga bakin ƙofa in fice. Amma ta miƙo hannu, kuma hannun uwar miji ba a barin sa a iska. Na ja gwiwa, na ja, na rabu da ƙofar da zan dafa in tashi, har na iso tsakiyar ɗaki inda babu bango babu komai. Ta kama hannuna ta riƙe a cikin nata. Hannunta da laushi, da ɗumi. Wallahi da mugunta ta zo min da ita da abin ya fi min sauƙi.

"Ya jikin naki?"

"Da sauƙi, Hajiya."

"Sauƙi ai ga shi muna gani. Murja, kin ga abin da nake gaya miki? Mutane da ƙarin gishiri. An ce min yarinyar nan sai an kwantar sai an tayar."

Gwaggo ta yi dariya har da tafa hannu. "Bakin duniya, Hajiya! Ɗan abu ne fa aka sa mata kamar allura."

Na gwada tashi a lokacin. Na matsa yatsun ƙafa a kan leda, na ce wa ƙafar hagu bismillah. Ko motsi. Kamar ba da ita nake ba. Na gwada in tura da bayan, sai wani abu ya soke ni a daidai wurin ɗinkin, na ji gumi ya tsatso min daga tsakiyar kai. A nan na gane na shiga rijiya da ƙafata.

"Zauna sosai mana, 'yata," in ji Hajiya. "Ki saki jikinki, nan ɗakin uwarki ne."

In zauna ta yaya? Zama a ƙasa yana buƙatar in karkata ƙugu in murɗa, abin da ko a mafarki ba na yi. Na sunkuyar da kai na ce, "Nan ma ya yi, Hajiya."

"Ai kunya ce da ita," Gwaggo ta cafe. "Haka take tun tana ƙarama. In babba na wuri ko za a kwana ba ta zama."

Hajiya ta kalli ƙanwarta, ta gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar wadda ta taya kaya ta ga sun fi kuɗinsu. Daga nan hira ta ɓarke. Aka yi maganar tsadar taki, aka yi ta wata jikarta da ta sauke Alƙur'ani, aka gano ashe kakar Umma da kakar Hajiya sun taɓa zama unguwa ɗaya, aka bi dangin nan ɗaya bayan ɗaya, wa ya rasu, wa ya yi Hajji. Ni kuwa ina durƙushe, hannuna a cikin nata. Gwiwoyina suka yi zafi, suka daina. Wayar nan mai zafi ta kunnu daga ƙugu har yatsa, tana bugawa tare da zuciyata. Na ciji cikin kumatuna har na ji gishirin jini.

Na saci kallon Umma. Tana bakin gado, fuskarta ta yi fari fat, ta gane. Ta yunƙura ta ce, "Ikilima, je ki ɗauko..." sai ta tsaya, don ta tuna in ta ce in tashi kuma na kasa, a gaban baƙi za a ɗaga ni kamar buhu. Ta mayar da maganar ta ce bari ita ta ɗauko. Uwa tana kallon 'yarta a wuta, kuma rufin asirin 'yar shi ne ta bar ta a ciki.

Hawaye suka zubo min, ba da izinina ba. Na ja mayafi na rufe fuska.

"Ayya, kuka kuma?" in ji Inna Murja. "Tun yanzu? Ki bari sai ranar da za mu zo ɗaukar ki mana."

Suka yi dariya dukansu. Ita Inna Murjar ce mai tambayoyi. Ana girki kuwa? Gwaggo ta ce wainar nan ma ni na soya. Batun haihuwa fa, likita ya ce wani abu? Gwaggo ta ce likita cewa ya yi har tagwaye. Sai Hajiya ta ce in zuba mata furar nan ta sha daga hannuna. Kwanon yana gefena na hagu, ɗan baya kaɗan. Na juya. Na murɗa bayan da aka ce kada in murɗa, na ɗago kwanon sha cike da fura, na ji wani ɗan ƙas a ciki, ƙarami, wanda ni kaɗai na ji. Ludayin yana rawa a hannuna, suka ce kunya ce.

Da ta sha ta yi hamdala, sai ta ɗora hannu a kaina ta fara addu'a. Doguwar addu'a, mai kyau, har da 'ya'yan da zan haifa da jikokinsu. Kowa na cewa amin. Ni ma ina cewa amin, ina roƙon Allah a zuciyata kada in faɗi a kan cinyarta.

Sai da aka kira la'asar suka miƙe. Hajiya ta tashi tsaf ba ta dafa komai ba, tsohuwa mai jikoki. Ta ce, "Gani ya kori ji. Zulai, kin yi tarbiyya, Allah ya biya ki. A surukaina kaf babu wadda ta taɓa yi min irin wannan zaman." Gwaggo ta ce ai ba zan iya rakiya ba, kunya ba za ta bar ni ba, suka fita suna dariya.

Ina jin ƙarar motar ta yi nisa na saki. Ban faɗi ba, Umma ce ta rugo ta tare ni, ta kwantar da ni a gefe a kan dardumar tana kiran sunan Allah. Ba ta iya ɗaga ni ba, ni ma ban iya taimaka mata ba. Ta fita ba takalmi ta kira Anti Judith.

Anti Judith ba ta yi faɗa ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ta durƙusa wajen ƙafafuna, ta ce in ɗaga babban yatsa. Na dama ya ɗaga. Na hagu ina kallon sa, yana kallo na. Ta zare fil daga ɗankwalinta ta tsikari saman ƙafar.

"Kin ji?"

"A'a."

"Nan fa?"

"A'a, Anti."

Ta juya wajen Umma. "Maman Ikilima, dole a mayar da ita Kano. Ba gobe ba. A kira mai mota yanzu, a kwantar da ita a baya."

Mai mota ɗaya muke da shi, kowa a ɗakin ya san ko wane ne. Gwaggo da ta dawo daga rakiya tana taunar goron da aka ba ta, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"A kira wa? Yaron da uwarsa ta bar gidan nan yanzun nan? So kuke a ce mun yi musu rufa-rufa? Gajiya ce kawai, a gasa mata da ruwan zafi, gobe ta miƙe."

Suna cikin haka wayata ta yi ƙara a kan gado. Anti Judith ta miƙo min. Mai Taki ne, saƙonni a jere.

"Malama! Me kika yi wa Hajiya? Tun a mota ta kira ni tana sa miki albarka."

"Ta ce gobe su Kawu za su zo a sa rana. Bayan girbi."

Na ji daɗi, kada in yi muku ƙarya. A kwance a ƙasa, da ƙafar da ba na ji, zuciyata ta yi tsalle. Sai na uku ya shigo, dogo.

"Akwai abin da ban gaya miki ba. Wata biyu ina rigima da Hajiya a kan ba za ki zauna a gidan gandu ba. Na ce ba za ki iya murhu da daka da gaisuwar safe ba. Har na samu ɗan gida kusa da shago, na sa a yi masai na zama da teburin girki. Ta daina amsa gaisuwata a kan maganar nan, ta ce ƙarya nake shirya mata don ki raba ta da ɗanta. Yanzu ta ce ta gani da idonta, tun azahar har la'asar kina durƙushe kina murmushi. Ta ce a gaban yayyena in ji kunya. Na ba ta haƙuri. Na ce a gyara ɗakin da ke kusa da nata."

Ban gama haɗiye wannan ba wani ya faɗo.

"Amma Ikilima, ni ban gane ba. Shekaranjiya kika ce min ko takalmi ba kya iya sa wa kanki. Wanne zan yarda da shi, kukan da kike min a waya ko abin da Hajiya ta gani? Ki faɗa min gaskiya, ko me ce ce zan ɗauka."

'Yan uwa, ashe yana can yana haƙa min hanyar fita, ni kuma ina nan ina cike ta da gwiwoyina. Na fara rubutu, na rubuta "Don Allah ka zo da mota," ban kai ga turawa ba kiransa ya shigo. Sunansa ya cika fuskar wayar.

Gwaggo ta sunkuyo ta zare ta daga hannuna, a sauƙaƙe, kamar ta karɓi abu a hannun jariri. Ta ɗaga labule ta fita tsakar gida. Tazarar ba ta fi a miƙa hannu biyu ba, amma a wurina daidai take da Makka.

"Ango, ango!" na ji muryarta har da guɗa a ciki. "Gwaggonka ce. Amaryar taka? Lafiyarta ƙalau, tana madafa tana tuƙa tuwo, shi ya sa na ɗauka."

Anti Judith ta miƙe a fusace ta bi bayanta. Ni kuma na tattara duk iskar da ta rage min a ƙirji. Ban taɓa kiran sunansa a gaban manya ba, amma na buɗe baki zan ƙwala shi da ƙarfin da zai ji har Kabo.

Sai hannu ya rufe min baki. Ba da ƙarfi ba. Na ɗaga ido. Umma ce, hawayenta na ɗiga a kan goshina, tana girgiza min kai.

"Ki bari a sa ranar tukuna," ta ce a hankali. "Gobe ne kawai, 'yar nan. Ki bari a sa."